Wata Yarinya daga Gidan Inna

A Birnin Kudu, idan ka tambayi gidan Sabuwa matar Malam Datti mai maganin feshi, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. Amma ka ce Maman Izzuddeen, ko 'yan acaɓan bakin tasha sun san lungun. Sunan shafinta ke nan a Fesbuk, inda mata sama da dubu arba'in ke bin ta, daga Kano da Kaduna har Yamai da Jidda, suna tambayarta yadda ake yaye, da abin da za a yi wa yaro mai haƙori, da yadda ake dama kunun gyaɗa ba tare da ya tsinke ba.

Sai dai Izzuddeen ba shi ne ɗanta na fari ba. Akwai wata kafin shi.

A Zandam aka haifi Sabuwa, can ƙasar Gwaram, a wani gidan manoma da ke ji da kunya kamar yadda wasu gidaje ke ji da sarauta. A gidan, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Idan ya yi kuka a cikin taro sai ta kawar da kai, wata ta ɗauka. Haka Inna, mahaifiyar Sabuwa, ta yi da nata na fari har ya yi gemu, kuma duk garin da wannan ake yabonta.

Ita kuwa Sabuwa da baki aka haife ta. Tun tana 'yar firamare take ɗaukar ludayi ta kara a baki, ta hau kan turmi tana karanta labaran gidan: akuyar wa ta ci waken wa, wace ce ta ari gishiri ba ta mayar da kofin ba. Matan gidan su yi ta dariya har Inna ta kore ta. Ta gama sakandare da burin aikin rediyo, amma sai ta ga Datti, wanda ke zuwa ƙauyukansu da damina yana koya wa manoma feshi, ta ce shi take so. Tana da shekara goma sha tara aka kawo ta Birnin Kudu. Shekara na zagayowa ta haifi mace, aka sa mata Nasiha.

Wata ashirin ta shayar da ita. Ranar yaye Inna ta zo, ta goya yarinyar, ta hau mota da ita. An ce kwana arba'in za ta yi a Zandam ta manta da nono. Arba'in ta wuce, damina ta wuce, Inna ba ta ce komai ba, Sabuwa kuma ina ta ga bakin cewa a dawo mata da 'yarta? Ai da an yi shekara ana zancen rashin kunyarta. Sai ta riƙa shiga kicin ta hura ɗanyen itace, don in an ga idonta ya yi ja a ce hayaƙi ne.

Nasiha ta tashi tana kiran kakarta Inna. Sabuwa kuwa Anti take ce mata, kamar yadda ta ji ƙannen Sabuwar suna faɗa. In an haɗu da Salla, Sabuwa ta ce "ke, zo ki karɓi wannan", ko ta ce "ina 'yar Inna?" Sunan bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Sai da aka yi shekara shida sannan ta haifi Izzuddeen, bayansa Sadiqa, sai auta Muslim. Waɗannan babu kunya a kansu. Su ke ce mata Umma, su take ɗora wa a cinya.

Goyon auta take yi lokacin da Malam Datti ya sayo mata babbar waya. Abin da ta fara rubutawa ɗan gajeren labari ne na yadda Sadiqa ta cusa ƙwayar gyaɗa a hanci. Kafin la'asar mata ɗari biyu sun danna mata alamar zuciya, wata daga Zariya ta rubuto cewa ta yi dariya har ta ƙware. Sabuwa ta karanta wannan sharhi ya fi sau goma. Turmin da Inna ke sauke ta daga kai ne aka dawo mata da shi, kuma wannan karon babu mai korar ta.

Daga rubutu ta koma bidiyo. Tana sallame sallar asuba, kafin ta ɗora ruwan zafi, sai ta lalubi wayar. Tuwo ya sha kamawa. In aka ɗauke wuta kwana biyu, ta fi damuwa da caji a kan ruwan sanyi. Malam Datti ya yi faɗa ya gaji, ya koma yin shiru, don ya ga matan unguwa har da na manyan malamai suna zuwa neman shawararta. Yaran ma sun gane kan abin. Wata rana Sadiqa ta faɗi a tsakar gida ta goge gwiwa, ta fara kuka, sai ta ga uwar ba ta riƙe da waya. Ta tsaya, ta ce, "Umma, in jira ki ɗauko?" Sabuwa ta yi dariya, ta mayar da wannan ma labari. Ya samu karɓuwa sosai.

A duk shekarun nan, "'ya'yana uku" take rubutawa. Ba ta ɗauke shi ƙarya ba. A gidansu haka ake lissafi a gaban mutane.

Inna ta rasu Nasiha na da shekara goma sha shida. Bayan sadakar arba'in, Malam Datti ya je ya taho da 'yarsa. Sati guda Sabuwa ta yi tana shiri. Ta canja labulen ɗakin yara, ta sayi katifa, ta ɗinka atamfa biyu a kan awon da ta ƙiyasta da ido ranar zaman makoki, kuma awon ya yi daidai cif. Amma da yarinyar ta yi sallama, doguwa, siririya, rungume da jakar kayanta, idonta duk ya faɗa, abin da Sabuwa ta iya cewa shi ne, "Kun iso? A kai kayan ɗakin su Sadiqa."

Nasiha ba ta da surutu. Aiki ne a jikinta, irin na wadda tsohuwa ta raina: kafin a ce a yi, ta gama. Hannunta kuma ba ya rawa. Don haka ba a yi wata ba ta zama mai riƙe waya. Ita ke tsayawa a gaban uwar tana ɗauka, in ana shiri kai tsaye kuma ita ke karanto tambayoyin da mata ke rubutowa, Sabuwa na amsawa.

Wannan lokaci shi ne mafi daɗi a rayuwar Sabuwa, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba. In tana kallon wayar, bayan wayar take kallo. Shekara goma sha huɗu ba ta samu damar ƙare wa fuskar nan kallo ba, yanzu ga ta tana kallonta rabin awa cur babu mai cewa ta yi rashin kunya. Ta gano yarinyar na da ɗan tabo a ƙasan haɓa wanda ba ta san ranar da aka ji shi ba. Ta gano tana cije leɓe in tana karatu, kamar Inna. Mabiya suka fara rubuto cewa Maman Izzuddeen ta ƙara kyau, idonta ya yi wani irin sanyi.

Ranar wata Asabar da hantsi suna shirin dambun zogale kai tsaye. Sabuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana yayyafa wa tsaki ruwa, Nasiha na tsaye da waya.

"Wata ta ce gero ya fi ko masara?"

"Duk wanda Allah ya hore, 'yar uwa. Amma masara ta fi son mai, ki sani."

"Wata ta ce ita nata kullum caɓewa yake."

"To ai ke wanka kike masa! Yayyafi ake yi, ba ambaliya ba."

Nasiha ta ɗan yi dariya, dariyar ta shiga cikin shirin. Sannan ta karanto ta gaba a hankali.

"Wata ta ce... wai wace ce mai karanto tambayoyin nan, kullum muna jin muryarta."

Hannun Sabuwa bai tsaya ba a cikin ƙwaryar. "Wata yarinya ce daga gidan Inna," ta ce. "Allah ya jiƙan Inna."

Ko a Zandam aka yi mata tambayar, amsar da za ta bayar ke nan, kuma kowa zai gane, har a yi murmushi. Amma matan da ke kallo ba 'yan Zandam ba ne. Rubutu ya riƙa hawowa, Nasiha na ganinsa tun kafin uwar ta ji. Tana iya tsallakewa. Ba ta tsallake ba.

"Wata ta ce Allah ya saka miki da alheri, Maman Izzuddeen. Ta ce daga jin dariyar 'yar aikinki an san kin riƙe ta amana."

Madambacin na ta huci a kan murhu. Sabuwa ta ɗago, suka haɗa ido ta saman wayar. Nasiha ba ta ƙifta ba. Jira take.

"Amin," Sabuwa ta ce. "Amin, na gode. Miƙo min zogalen nan, Sadiqa."

Daga baya Sabuwa ta sha gaya wa kanta cewa kunya ce. Kunya ta isa ta ɗauki amsar farko. Amin ɗin nan kuwa ba kayan kunya ba ne. Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, amma da wani zai kira shi bara a gabanta, da sai an riƙe ta. Abin da ya ratsa zuciyar Sabuwa a wannan ɗan tsakanin daban ne. Mabiyanta sun ɗauka ba ta kai talatin ba, wasu har amarya suke ce mata. Ga shekara shida na "'ya'yana uku". In ta ce wannan doguwar budurwa tata ce, sai an tambaye ta ina take duk tsawon lokacin nan, sai an tambayi yadda gwanar tarbiyya ta kasa rainon 'yarta ta fari. Ta hango shafin yana zubewa, ta hango kanta ta sauko daga kan turmi. Ta zaɓa, kuma ta san ta zaɓa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Mata suka yi ca suna neman shawara a kan zama da 'yan aiki. Sabuwa ta yi shiri uku a kai: a ba su abinci irin na 'ya'yan gida, a sa su a makaranta, kada a daka musu tsawa a gaban baƙi. Ba ta taɓa samun masu kallo irin na lokacin ba. Nasiha ce ta riƙe wayar duk sau ukun.

Washegarin na ukun, Sabuwa na tsefe wa Sadiqa kai, Nasiha ta zo ta durƙusa daga nesa, kusa da rariya.

"Hajiya, na gama wanke-wanken. Akwai saura?"

"Wace Hajiya kuma? Yaushe na je Makka ban sani ba?"

"Haka na ji 'yan aiki suna cewa a gidajen da suke aiki."

"Ke, ba na son iya shege. Tashi daga nan."

"To, Hajiya."

Daga ranar ta daina cin abinci da ƙannenta, sai ta ɗauki nata ta shige kicin. Atamfofin nan biyu ta ninke su ta ajiye a bakin gadon Sabuwa, ta koma sa tsofaffin kayanta na Zandam.

Malam Datti ba ya Fesbuk. A shagonsa ya ji, daga bakin wani manomi ɗan Surko da ya zo sayen maganin ciyawa, ya ce matarsa ta ce a tambaya ko daga ina suka samo 'yar aiki mai hankali haka. Bai jira azahar ba ya rufe shagon.

"Sabuwa, 'yar tawa ce 'yar aiki?"

"Malam, ni fa ban faɗa ba. Su suka faɗa."

"Ke kuma kika ce me?"

Ta kawar da kai.

"Ni ma ɗan fari ne," ya ce. "Har ta rasu tsohuwata ba ta kira sunana ba. Amma ban taɓa kwana ina tambayar kaina ko ɗan wane ne ni ba. Ki gyara maganar nan yau."

Ta ce to. Ta zauna ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa da wata siga, ta goge. Ta ce bari a wuce Juma'a, mutane sun fi hawa ranar Asabar. Asabar ta zo aka ɗauke wuta. Ana haka kaka ta yi, Nasiha ta roƙi babanta ya bar ta ta je Zandam ta taya Zulaiha, matar kawunta, tsinkar gyaɗa. Ya kalle ta, ya gane, ya kai ta tasha da kansa. Aka gama gyaɗa, aka gama dawa, ba ta dawo ba.

Sabuwa ta sayi ƙarfen ɗora waya mai ƙafa uku. Ba ya rawa shi ma. A bayansa bangon kicin kawai take gani.

Bayan shekara uku Nasiha ta auri Munzali, wani malamin Islamiyya a Gwaram. A Zandam aka yi bikin. Al'ada ta ce uwar amarya ta fari ɓoyewa take yi a ɗaki, don haka babu wanda ya ga wani abu. Amma da ciki ya tsufa, lokacin da mace ke komawa gaban uwarta ta haihu a yi mata wankan jego, sai Nasiha ta wuce gidan Zulaiha. Wannan kam kowa ya gani. A wayar Malam Datti aka kira aka ce ta sauka lafiya, an samu namiji.

A ranar, Sabuwa ta kafa ƙarfen nan a tsakar ɗaki, ta zauna ba kwalliya. "Ina da 'ya," ta ce wa wayar. "Ita ce ta fari. Sunanta Nasiha." Sunan ya fito ba gargada, kamar kullum take faɗarsa. Ta ba da labarin yaye, da ɗanyen itace, da dambun zogale. Ta yi kuka, kuma kukan na gaskiya ne. Ta haɗa da hoton bikin da ƙanwarta ta turo mata, ta saki.

Kafin magariba an yaɗa shi sau dubu uku. Mata na ta rubuto cewa ta sa su kuka, jaruma ce, uwa ta gari ce. Ta ce ba za ta duba ba, ta duba. Washegari a motar Gwaram, da ƙullin kayan barka a cinyarta, duk inda sabis ya dawo sai ta leƙa ta ga inda adadin ya kai, ta ji wani abu mai daɗi ya tsarga mata, sannan ta ji kunyar daɗin.

Ta isa Zandam da hantsi, mai jego ta fito daga wanka ke nan. Tsakar gidan na warin dafaffen ganyen darbejiya. Zulaiha ta yi mata maraba, ta kai ta ɗakin, ta ce bari ta duba kunun kanwa, ta saki labule ta fita.

Nasiha na zaune a bakin gado, jikinta na tururi, jaririn a ƙirjinta. Ba ta ajiye shi don an shigo ba. Ta sunkuya ta sumbaci goshinsa a gaban uwarta.

"Anti, sannu da hanya."

"Yauwa. Barka da arziki. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Sabuwa ta zauna a tabarma ta fara kwance ƙullin: sabulai, zannuwa, 'yan riguna. Nasiha ba ta kalli kayan ba.

"An nuna min," ta ce.

"To... na ga ya kamata ne a san gaskiya."

"An sani kam. Jiya 'yan barka har daga unguwar gabas. Ba jariri suka zo gani ba, 'yar aikin suka zo gani. Da ba su sani ba, yanzu sun sani. Har da hotona, ba wanda ya tambaye ni."

"Ban yi don in ɓata miki ba."

"Na sani. Sau tara kika faɗi sunana. Na ƙirga. Munzali ya ce in daina kallo, ban daina ba. Ban taɓa jin yadda yake a bakinki ba, shi ya sa." Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Su kin gaya musu. To ga ni. Ba kowa a ɗakin nan, Inna ta rasu, labule a sake. Ki kira ni."

Sabuwa ta buɗe baki. Matar da ke magana rabin awa ba ta nemi kalma ba, ta ji harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan na nan, tana jin sa a maƙogwaro. Jiya akwai gilashin waya a tsakani, kuma masu sauraron ba za su kalle ta haka ba. Ta haɗiyi yawu, ta ja numfashi. Saura kaɗan.

Sai wayar ta yi gunji a cikin jaka.

Ba ta ɗauka ba. Hannunta ne kawai ya zabura, ya tafi kamar taƙi guda wajen jakar kafin ta kama shi ta mayar kan cinya. Nasiha ta gani.

"Duba mana, Anti. Suna jiranki."

"A'a, wallahi ba... Ke, saurara..."

"Ke," Nasiha ta maimaita a hankali, ta gyaɗa kai.

Ta juya ta fuskanci bango, ta ɗaga riga ta ba jaririn nono. Da ta sake magana, da ƙarfi ta yi, ta saman kan uwarta, zuwa tsakar gida.

"Inna Zulaiha! In kunun ya yi, a zubo wa baƙuwa."

Aka kawo shi a sabon kofi mai murfi, irin wanda ake ajiyewa don mutanen nesa. Sabuwa ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, ta sha da zafinsa.